Adireshin IPv4 ya yi ƙaranci: DS-Lite, 464XLAT ko MAP, wanne ya dace da kamfaninka?

Duk mai kamfanin raba intanet, na faiba ne ko na rediyo a kan dogon ƙarfe, akwai ranar da zai zauna ya ƙirga adireshin IPv4 da ke hannunsa, wato lambobin da ake gane na'ura da su a intanet, ya tarar kwastomomi sun ninka su. Ba sakacinsa ba ne. Tsarin da aka rubuta a 1981 adireshi biliyan 4.3 kawai ya tanada, kuma IANA, mai riƙe da babban rumbu, ta raba ragowar nata ranar 3 ga Fabrairu 2011. Daga nan ƙarancin ya bi yanki-yanki: Asiya a 2011, Turai a 2012, Kudancin Amurka a 2014, Arewacin Amurka a 2015. AFRINIC, hukumar da ke raba wa Afirka daga tsibirin Morishus, ita ce ta fi daɗewa da saura, amma tun Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a lokaci guda. Saye a kasuwa kuwa da dala ake yi, kuma an yi lokacin da adireshi ɗaya ya haura dala 50. Hatta Amazon, tun Fabrairun 2024, tana cajin rabin santi a kowace awa a kan kowane adireshin IPv4 na fili.

IPv6, sabon tsarin adireshi da aka fitar don ya gaji IPv4, ba shi da wannan damuwa. Mafi ƙanƙantar rabon da ake ba kamfani, wato /32, ya isa a yanka wa gida sama da miliyan 16 kowa nasa ɗan zangon adireshi, wato /56. Sai dai tsohuwar intanet ba ta je ko'ina ba. Google da YouTube da Facebook da Netflix duk suna amsawa da IPv6, amma shafukan bankuna da makarantu da hukumomi da yawa, da kyamarorin tsaro da firinta da na'urar ɗaukar yatsa ta ofis, IPv4 kaɗai suka sani. Su biyun kuma ba sa jin harshen juna. Saboda haka wanda ya gina sabon layi a kan IPv6 dole ya nemi yadda zai ɗauko tsohon kaya a kansa.

Hanyoyin da aka fitar sun kasu gida biyu. Ka ɗauki fakitin IPv4, wato ɗan ƙullin bayanan da na'ura ke aikawa, tamkar wasiƙa ce a cikin ambulan mai tsohon adireshi, gidan waya kuma ya daina karɓar irinsa. Ko dai ka cusa ta ɗungum a cikin sabon ambulan, a kai ta bakin iyaka a yage na wajen, ta ci gaba da tafiya yadda take. Wannan shi ne bututu, kuma haka DS-Lite da MAP-E da lw4o6 ke yi. Ko kuma ka cire tsohon ambulan ɗin ka kwafe adireshin a kan sabo, can gaba a sake kwafewa a mayar. Wannan ita ce fassara, hanyar 464XLAT da MAP-T.

A nan mutane kan tsaya su yi ta musu, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi. Tunda gidaje da yawa za su yi tarayya a adireshi ɗaya, wa zai riƙe rajistar wane ne ke amfani da wace ƙofa? Kowane adireshi yana da lambobin ƙofa 65,536, waɗanda 'yan sana'a ke ce wa fot, kuma da su ake bambance hirar wannan gida da ta wancan. Ko dai babbar na'ura a cibiyarka ta riƙa rubuta kowace hira da aka buɗe, ko kuma a yanka wa kowane gida ƙofofinsa tun farko, rawutarsa ta yi sauran aikin. Ɗaya tambayar kuwa, wadda a ganina ita ke yanke hukunci: rawutar da ke ɗakin kwastoma, kai ka ba shi ko shi ya sayo abarsa a kasuwa? Duk hanyoyin nan biyar suna buƙatar wani abu a gefen kwastoma. Idan ba kai ke da iko da wannan gefen ba, kyawun tsari a takarda ba zai amfane ka da komai ba.

Inda yawancinmu muke tsaye

Shi ne babban NAT na kamfani, CGNAT. NAT dabara ce ta sauya adireshin cikin gida da na fili, don na'urori da yawa su fita da adireshi ɗaya. Ana ba rawutar kwastoma adireshi daga 100.64.0.0/10, zangon da aka ware don wannan aiki a 2012. Rawutar ta yi nata NAT ɗin, na'urar kamfani ta ƙara wani a kai. Starlink, da ta shigo Najeriya a Janairun 2023, haka take ba masu tsarin gida IPv4, da IPv6 a gefe. Amfaninsa a bayyane yake: duk rawutar da aka sayo, komai arharta, tana aiki da shi.

Illarsa kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar wayar kwastoma ya san ta. “Injiniya, na sa kyamara a shago. In ina ciki tana nunawa, da na koma gida sai ta ƙi.” Ka ce, “Alhaji, buɗe shafin rawutar ka karanto min lambar da ke gaban WAN.” Ya fara karantowa, 100.72, ba sai ya ƙarasa ba. Wanda ya haɗa masa kyamarar ya buɗe ƙofa a rawuta yadda aka koya masa, amma akwai wata ƙofar a gaba wadda makullinta ke hannunka, kuma gidaje da dama ne a bayanta. Babu ko ɗaya cikin hanyoyin da za mu duba da ke kawar da wannan kiran baki ɗaya. Sun dai bambanta a irin sauƙin da suke kawowa.

Akwai kuma nauyin da kwastoma ba ya gani. Mai tafiyar da IPv4 da IPv6 tare a kowane layi, komai biyu-biyu yake yi: tsarin adireshi biyu, dokokin tsaro biyu, neman matsala a wuri biyu. Gudun wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka ce a mayar da cikin gida IPv6 zalla, IPv4 ya zama baƙon da ake rakawa.

DS-Lite ce babbar yayarsu. Ta fito a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 6333 a Agustan 2011, kuma buƙatar kamfanonin kebul irin Comcast na Amurka ce ta haife ta. Kamfanin ya yi girman da adireshi miliyan 16 da wani abu na zangon 10.0.0.0/8 suka kasa isar masa kula da modem ɗinsa. Tsarinta mai sauƙi ne. Rawutar gida, wadda a nan ake kira B4, ba ta yin NAT ko kaɗan. Tana ɗaukar fakitin kwamfutarka mai 192.168.1.10 ta naɗe shi a cikin IPv6 ta aika wa na'urar cibiya mai suna AFTR, wadda take samun sunanta ta DHCPv6, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da saiti. AFTR ta kwance, ta yi NAT sau ɗaya, ta rubuta a rajista tare da adireshin IPv6 na gidan da ya turo, don haka ko gida dubu ne ke amfani da 192.168.1.10 ba za su cakuɗe ba. Kamfanonin kebul na Jamus sun daɗe a kanta, haka sabis ɗin transix a Japan, kuma wannan ya sa rawutoci da dama na kasuwa, irin FRITZ!Box da wasu samfuran TP-Link, ke zuwa da ita.

Ƙarfinta shi ne tattalin adireshi. Ƙofa sai an buƙata ake bayarwa, in an gama a karɓe, don haka gidan da ke barci ba ya tare wa kowa komai. Rauninta kuma daga nan ya fito: duk hirar IPv4 ta kowane kwastoma tana rubuce a ƙwaƙwalwar AFTR. Yawan kwastoma, yawan ƙwaƙwalwa, yawan kuɗin lasisi. Idan na'urar ta mutu, ko janareta ya yi jinkirin ɗauka batir kuma ya gaza, rajistar ta tafi. VPN ya yanke, kira ya katse, mai tura kuɗi ya tsaya yana kallon allo. Ana iya ajiye ta biyu su riƙa kwafar rajistar juna, amma wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin da zai iya lalacewa.

464XLAT, wadda waya ta raina

Asalinta NAT64 ne da DNS64, na Afrilun 2011. Na'ura mai IPv6 zalla ta tambayi adireshin wani shafi. Shafin IPv4 kawai gare shi, a ce 192.0.2.33. Sai DNS64, mai amsa irin wannan tambaya, ya ƙirƙiro amsa ta hanyar liƙa wannan lamba a bayan 64:ff9b::/96, ta zama 64:ff9b::c000:221. Na'urar ta aika can tana zaton da IPv6 take magana, NAT64 ya tare a hanya ya fassara. Dabara ce mai kyau, sai dai tana aiki ne kawai in manhaja ta tambayi suna. Manhajar da aka rubuta wa lambar IPv4 kai tsaye a cikinta, ko wadda ba ta san IPv6 ba sam, sai ta tsaya cik. Skype na wancan zamani shi ne sanannen misali.

Gyaran ya zo a RFC 6877 a Afrilun 2013, da hannun injiniyoyin T-Mobile na Amurka da na Japan. Aka ƙara ɗan ƙaramin mai fassara, CLAT, a cikin wayar kanta. Yana nuna wa manhaja adireshin IPv4 na cikin gida, a Android yawanci 192.0.0.4, ya karɓi fakitinta ya mayar IPv6, NAT64 na cibiya, wanda a nan ake kira PLAT, ya sake mayar da shi IPv4. Android ta zo da CLAT tun samfurin 4.3 a 2013. Apple ta bi ta wata hanya da farko: daga 1 ga Yuni 2016 ta wajabta wa duk manhajar da za ta shiga App Store ta yi aiki a layin IPv6 zalla, daga baya ta ƙara nata CLAT ɗin. T-Mobile da EE na Birtaniya miliyoyin wayoyi suke ɗauka a haka, masu wayoyin ba su ma sani ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan hanya shi ne tana tsufa da kyau. Yawancin zirga-zirga ko dai IPv6 ce tsantsa, ko fassara ɗaya ta DNS64. CLAT na tsirarun manhajoji ne masu taurin kai. Ranar da suka ƙare, ka kashe CLAT, NAT64 ɗinka yana nan yana amfani. Kuma kayan gwajinta kyauta ne: Jool, wadda NIC Mexico ta rubuta, tana mayar da kwamfutar Linux ta zama NAT64, sannan manhajojin BIND da Unbound duk suna yin DNS64.

Ga jami'a ko babban ofis akwai ƙarin daɗi. Tun 2020 an samu zaɓi na 108 a DHCP, da kuma hanyar sanar da zangon NAT64 a cikin sanarwar rawuta. Da su, waya ko kwamfutar da ta iya zama da IPv6 zalla sai ta faɗa, a ƙyale ta ba adireshin IPv4. Wadda ba ta iya ba a ba ta nata kamar kullum. Sababbin wayoyin Android da iPhone da kwamfutocin Mac sun san wannan. A wayifai mai dubban ɗalibai, inda galibin na'urori wayoyi ne, nauyin da ke sauka daga kan IPv4 ba kaɗan ba ne, kuma ba a tilasta wa tsohuwar firinta abin da ba ta iya ba.

Amma kada a ruɗe ka. PLAT ma rajista yake riƙewa, don haka duk abin da na faɗa a kan mutuwar AFTR ya hau kansa. Amsar da DNS64 ke ƙirƙira ba ta da sa hannun mai shafin, saboda haka na'urar da ke tantance wannan sa hannu, wato DNSSEC, da kanta za ta iya ƙin ta. Maganin shi ne a bar DNS64 a dogara da CLAT, a biya da fassara biyu. Windows ta daɗe tana kunna CLAT a layin SIM kawai. Babbar matsalar kuma ga mai faiba: a waya CLAT ya zo da kansa, a rawutar gida kuwa sai an nema. OpenWrt, manhajar rawuta ta kyauta, tana da shi, amma rawutocin da kwastoma kan sayo da kuɗinsa galibi ba su da shi.

MAP ta zo da wani tunani dabam: me zai sa a riƙe rajista tun asali? MAP-E da MAP-T, RFC 7597 da 7599, sun fito tare a Yulin 2015. A cikinsu, adireshin IPv4 da rabon ƙofofin kowane gida suna saƙe a cikin zangon IPv6 da aka ba shi. Rawuta ta dubi zangonta, ta bi doka guda da aka turo mata, ta lissafo adireshinta na fili da ƙofofinta, ta yi NAT da kanta a cikin wannan iyaka. Na'urar bakin iyaka, BR, ba ta tuna kowa. Fakiti ya shigo daga waje zuwa adireshi kaza ƙofa kaza, ta yi lissafi ta san gidan, ta tura. Ka ajiye BR biyu ko uku a wurare daban-daban duk suna sanar da adireshi ɗaya. Ɗaya ta mutu, saura su ɗauka, babu hirar da za ta yanke, domin babu abin da aka manta. Ga wanda ya san halin wutarmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin ma yana da daɗin ji. Ka ce /22 gare ka, adireshi 1,024. Ka raba kowanne ga gida 64. Bayan an cire ƙofofi 1,024 na farko, kowane gida zai samu 1,008, jimlar gidaje 65,536. Sabis ɗin OCN a Japan 1,008 ɗin yake bayarwa ta MAP-E. V6 Plus kuwa 240 kacal, domin gida 256 ke raba adireshi ɗaya. Free na Faransa ya fi su sakin hannu: da wani tsari ɗan'uwan wannan yake raba adireshi gida huɗu, kowa ƙofa 16,384.

To, a nan sai ka dubi kwastomominka da idon gaskiya. Rabon MAP a kafe yake. Tsohuwar da ke duba WhatsApp sau biyu a rana tana riƙe da ƙofa 1,008 ɗinta, gidan da ke kusa da ita kuma, inda rawuta ɗaya ke ciyar da ɗakuna goma sha na 'yan haya ko hostel ɗin ɗalibai, nasa sun ƙare, shafi yana buɗewa rabi hotuna ba su fito ba. Shagon kafe da cibiyar jarrabawa ta kwamfuta kuwa ba a ma maganarsu, sai an ware musu doka tasu ko cikakken adireshi. A ƙasar da rawuta ɗaya ta iyali ɗaya ce, 240 na iya wadatarwa. A unguwanninmu, inda raba layi da maƙwabta al'ada ce, ni ba zan sauko ƙasa da dubu ba. Sannan tsarin adireshin IPv6 ɗinka ya ɗaure da na IPv4. In adireshinka gutsattsari ne, /24 nan /24 can, dokokin za su yi yawa, sauya rabon daga baya kuma yana nufin sake wa mutane lamba.

Ga Alhaji mai kyamara MAP ta fi sauran sassauci, tunda ƙofofinsa sanannu ne, yana iya buɗe ɗaya daga cikinsu in na'urar kyamarar ta yarda a sauya mata lamba. Ƙofa 80 da 443, waɗanda shafukan intanet ke amfani da su, dai ba zai taɓa samu ba. A DS-Lite da 464XLAT sai na'urar cibiya da rawuta duk sun iya PCP, ƙa'idar da ke ba rawuta damar roƙon a buɗe mata ƙofa, kuma ba kowace ke yi ba.

Tsakanin E da T bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. MAP-E tana kai fakiti yadda yake, ba a taɓa komai a jikinsa ba, amma tana ƙara bayit 40, kuma na'urorin tsakiya ba sa ganin abin da ke ciki sai sun leƙa. MAP-T bayit 20 take ƙarawa, lambobin ƙofa suna fili don masu tace zirga-zirga da masu raba nauyi, sai dai wasu ƙananan bayanan kan fakitin IPv4 suna salwanta a fassara. Sky Italia, wadda ta fara sabis ɗin gida a 2020, ta zaɓi MAP-T, kuma abin lura shi ne sabon layi ta gina daga tushe, rawutar ma tata ce take ba kwastoma. Charter a Amurka ma MAP-T ya bi. Duk inda ka ga MAP ta yi nasara, za ka tarar kamfanin ne ke faɗa wa mai ƙera rawuta abin da zai saka.

Lw4o6, RFC 7596, tana tsakiya: bututu irin na DS-Lite, NAT a rawuta irin na MAP, cibiya kuma layi ɗaya take riƙewa ga kowane kwastoma maimakon kowace hira. Tana ba ka damar ba wannan ƙofa dubu, wancan dubu huɗu, ba tare da taɓa tsarin IPv6 ba. OTE na Girka ya yi aiki da ita. A tsari ta burge ni ƙwarai, amma rawutocin da suka iya ta sun fi na kowa ƙaranci, kuma wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga lissafin ƙaramin kamfani.

Abubuwa biyu da ke cizo bayan an gama biki

Na farko girman fakiti. Layin da ke ɗaukar bayit 1,500, in aka cire 40 na bututu, 1,460 ya rage. In da PPPoE a ƙasa, wato tsarin shiga layi da suna da kalmar sirri, 1,452. Alamar ciwon sananniya ce: ping, ɗan saƙon gwajin layi, yana tafiya, ƙananan shafuka suna buɗewa, amma wani shafin sai ya tsaya yana juyawa, ko saƙon imel mai ɗauke da fayil ya maƙale. Babban fakiti ne ya kasa wucewa, saƙon ICMP da zai gaya wa mai aikowa ya rage girma kuma wani ya toshe shi a hanya. Mafi tsabtar magani shi ne ka ɗaga girman layinka na ciki zuwa 1,540 ko sama, in kayanka sun yarda. In ba su yarda ba, ka danne MSS, wato iyakar kayan da fakitin TCP ke ɗauka, zuwa 1,420, ko 1,412 a kan PPPoE, ka kuma san cewa wannan bai taɓa UDP ba. Fassara ma tana da wannan ciwo, rabinsa dai.

Na biyu takardar hukuma. Wata rana za a aiko maka: wane ne ya yi amfani da adireshi kaza ranar kaza da ƙarfe kaza? In gida 64 ne a bayansa, amsarka mutum 64 ce, 63 daga cikinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan ya dame ni fiye da duk wani lissafin kuɗi, domin mutuncin mutane ne. Ba za a iya ware mutum ɗaya ba sai mai tambaya ya kawo lambar ƙofa da lokaci daidai, kai kuma agogon na'urorinka yana kan daidai. A MAP da lw4o6 amsar tana cikin rabon da ka yi tun farko. A DS-Lite da 464XLAT da CGNAT, in ka ce za ka rubuta kowace hira, faifanka zai cika kafin ka ankara. Gara ka riƙa ba kowane kwastoma ƙofofi dunƙule-dunƙule ka rubuta dunƙulen kawai, ko ka kafe rabon yadda RFC 7422 ya bayyana. A Beljiyam kamfanoni da hukumomi sun yi yarjejeniya kada a ɗora fiye da kwastoma 16 a adireshi ɗaya. Tarayya mai yawa tana da wata illar ma: mutum ɗaya ya yi ɓarna, shafi ya toshe adireshin, unguwa guda ta wayi gari tana amsa tambayar ko ita mutum ce.

In layin waya kake gudanarwa, ko wayifai na makaranta, ka ɗauki 464XLAT, ba sai an yi dogon zama ba; rabin aikin masu ƙera waya sun riga sun yi maka.

In ƙaramin kamfani ne kai, kwastomomi ɗaruruwa ko 'yan dubbai, kowa da irin rawutar da ya sayo, shawarata za ta iya ba ka mamaki: kada ka ɗauki ko ɗaya tukuna. Ka zauna a kan CGNAT mai rabon dunƙule, ka kunna IPv6 a gefensa yau, ka ba kowane gida /56. Bidiyo ne ke cinye mafi yawan layi, manyan masu bidiyon kuma suna kan IPv6, don haka kaso mai tsoka zai bar na'urar NAT ɗinka ya bi hanyarsa kai tsaye. Ka nemi IPv6 daga wanda ke sayar maka da layi, ka kuma kunna shi a IXPN, mahaɗar layukan intanet ta Najeriya, in kana can. Wanda bai iya tafiyar da IPv6 lafiya ba, ba shi da abin da zai ɗora bututu ko fassara a kai. Duk biyar ɗin nan suna mutuwa ne a daidai lokacin da IPv6 ya yi tuntuɓe.

In kai ke ba da rawuta, musamman in sabon yankin faiba kake buɗewa, zaɓin yana tsakanin DS-Lite da 464XLAT, kuma abin da rawutar ta iya shi zai raba gardama. In ta iya duka biyun, ni 464XLAT zan bi, saboda NAT64 ɗin da na saya zai yi wa wayoyi da wayifai da sabobin cikin gida aiki, AFTR kuwa aiki ɗaya ya sani. MAP sai kwastoma sun kai dubun dubata, kuɗin na'urar rajista ya fara cin riba, kana da injiniyan da zai zauna ya tsara adireshi na shekaru masu zuwa, kuma odarka ta kai girman da mai ƙera rawuta zai saurare ka. Kowace ka ɗauka, ka ware 'yan adireshi cikakku ga bankuna da asibitoci da masu sabar kansu, ka sa musu farashi. Su ne za su biya, su ne kuma ba za su jure tarayya ba.

Kafin ka sa hannu a odar rawuta, ka rubuta RFC 8585 a cikin yarjejeniyar. Shi ne na 2019 da ya jera abin da ake buƙata daga rawuta don hanyoyin nan biyar. Kada ka yarda da abin da ke jikin kwali. Ka ce dila ya ba ka guda ɗaya, ka haɗa ta a benci, ka jona mata na'urar kyamara da tsohuwar firinta da talabijin da na'urar wasan yara, ka buɗe VPN na ofis da manhajar banki. Daga kwamfutar Linux ka tura ping mai girman 1,432 tare da hana gutsurawa. A bututu mai 1,460 ya kamata ya wuce, 1,433 kuma ya dawo da saƙon cewa ya yi girma, ba ya ɓace shiru ba. Sannan ka zare wutar na'urar cibiya ana tsakiyar kira, ka duba agogo ka ga daƙiƙa nawa za a yi kafin layi ya dawo.